Kundin Kiwon Kilifish: Daga Ledar Ƙwai Zuwa Zuriya Ta Biyu

20 ga Janairu, 2024

Ledar ƙwai ta iso. Ƙwan Nothobranchius guentheri ne, kilifish, wato wani ƙaramin kifin ruwan daɗi, na tsibirin Unguja a Zanzibar, cuɗe cikin dunƙulen fit da bai wuce cikin tafin hannu ba. Fit ruɓaɓɓen gansakukar fadama ne, baƙi-baƙi, mai riƙe danshi. An rubuta a jikin ledar cewa ranar 10 ga Disamba aka tsame ƙwan daga ruwa, kuma sun kai sittin. Daga wannan ranar ake lissafin lokacin jira kafin a jiƙa ƙwan su ƙyanƙyashe, wanda ga wannan nau'in mako 8 zuwa 12 ne, gwargwadon ɗumin wurin ajiya. Ledar ta shiga kwali, cikin duhu, a digiri 24.

Kilifish sun haura nau'i dubu, kuma ba duka ake busar wa ƙwai ba. Irin su Fundulopanchax gardneri na ƙoramun Nijeriya da Kamaru, cikin ruwa ƙwansu ke ƙyanƙyashewa bayan mako biyu zuwa uku. Su kuwa Nothobranchius a kududdufin damina suke rayuwa. Ruwa ya ƙafe, iyaye su mutu, ƙwai su yi rani cikin laka har ruwan sama ya dawo. Duk abin da za a yi a ɗaki kwaikwayon wannan ne. Na zaɓi guentheri saboda jiransa gajere ne, 'ya'yansa kuma tun ranar farko bakinsu ya isa su haɗiye Artemia, ƙananan halittun ruwan gishiri dangin jatan-lande da ake ƙyanƙyasa don ciyar da 'ya'yan kifi.

Kayan da aka haɗa: tankin raino mai lita 60, tankin haihuwa mai lita 25, robobi uku masu lita 5, hita biyu masu wat 50, famfon iska ɗaya mai baki huɗu, filtar soso biyu, ma'aunin zafi, kayan gwajin ruwa na ɗigo, sikeli mai auna giram, gishiri, da gwangwanin ƙwan Artemia. Babu yashi ko tsakuwa a ƙasan tankunan. In aka zuba yashi kifin zai watsar da robar ƙwai ya riƙa zubawa cikinsa, ga shi kuma datti yana samun maɓoya.

Yau aka fara renon bakteriyar filta, wadda ke mai da amoniya, dafin da ke fitowa daga kashin kifi, zuwa NO2, shi ma dafi, sannan zuwa NO3 mai sauƙin illa. An cika tankin lita 60 da ruwan da aka kashe kulorinsa, an sa soson biyu a ciki, an ɗiga amoniya har gwaji ya nuna miligiram 2 a lita. Zafi digiri 26, pH (ma'aunin tsamin ruwa) 7.4.

28 ga Janairu

Amoniya ta sauka zuwa 1, NO2 ya fara nunawa. Babu abin taɓawa.

6 ga Fabrairu

An duba ƙwai, mako takwas ke nan. Ana zazzage fit ɗin a kan farin faranti, a baje shi da tsinke a ƙarƙashin fitila, a duba da gilashin ƙara girma. Ƙwan bai wuce milimita ɗaya ba, kuma garin fit yana manne masa, sai ido ya saba kafin ya fara tsinto su. Cikin goma sha biyar da na samu, huɗu ne kawai ke da idanu, su ma baƙaƙe ne tukuna. Sauran garau suke kamar ɗigon ruwa. Lokaci bai yi ba. An mayar da su leda kafin minti goma, don kada iska ta shanye danshin.

Gwajin ƙyanƙyasar Artemia na farko bai yi ba, gara da aka gwada tun kafin a samu bakunan da ke jira. Bayan awa 30 ko kashi ɗaya cikin biyar bai fashe ba. Dalili biyu ne. Kwalbar tana gefe a digiri 21, kuma kumfar iskar ta yi rauni har ƙwan suka kwanta a ƙasa suka dunƙule. Yadda aka gyara: gorar roba mai lita ɗaya da rabi aka yanke wa gindi aka kifa bakinta ƙasa, tiyon iska ya kai har cikin murfin, yadda babu lungun da ƙwai zai kwanta. Lita ɗaya na ruwa, giram 28 na gishiri, ɗan tsunkule na bekin soda don pH ya kai 8, giram ɗaya na ƙwai. Gorar ta shiga cikin tanki mai hita don ta samu digiri 27, fitila a kanta. Awa 22 ruwan ya koma ruwan lemo saboda yawansu. Ragowar gwangwanin ya tafi firij a rufe ruf, domin danshi da zafi su ke kashe ƙwan Artemia a ajiye.

15 ga Fabrairu

Miligiram 2 na amoniya yana ɓacewa cikin awa 24, NO2 sifili, NO3 ya taru. An canja kashi 80 na ruwan. Filta ta shirya.

17 ga Fabrairu

Ranar jiƙawa. Da safe an sake dubawa: goma sha ɗaya cikin goma sha huɗu suna da manyan idanu, kowane da zoben zinariya kewaye da baƙin. Wannan zoben shi ne alamar da ake jira, ba kwanan watan da ke jikin leda ba. In aka ɗan ɗumama ƙwan da hasken fitila, wani lokaci a ga ɗan kifin ya juya a ciki.

An kunna gorar Artemia tun jiya, an kunna ta biyu yau da safe, tazarar awa 12 tsakaninsu. An zuba fit ɗin cikin roba, an murmushe dunƙulen da yatsa, an zuba ruwa mai digiri 19, zurfin santimita 4 kacal. Ana son ruwan da sanyi-sanyi saboda ya fi riƙe iskar oksijin, kuma ya yi kama da ruwan sama na farko a kan laka. Ana son shi da rashin zurfi saboda ɗan kifin yana bukatar cika jakar iskar da ke cikinsa a awannin farko. Wanda bai cika ba, a ƙasa zai ƙare yana jan ciki.

Minti 50 na farko ya fito. Awa huɗu robar ta cika da 'yan tsinkaye masu idanu, tsawon kowane kamar milimita 4.

18 ga Fabrairu

An kwashe su da babban sirinji da aka yanke wa baki, ɗaya bayan ɗaya, da ruwan da suka fito ciki, zuwa roba biyu. Jimla 38. Shida masu jan ciki ne: su yunƙuro sama, su sake faɗawa ƙasa, jela na kaɗawa ba hutu. An ware su cikin ruwa mai zurfin santimita 2.

Abincin farko ya shiga awa shida bayan fitowa. Ana kashe iskar gorar, a jira minti biyar, ɓawo ya taso sama, masu rai su taru ƙasa wajen haske, a zuƙe su da tiyo a tace da lallausan ƙyalle, a ɗauraye da ruwan daɗi. Shaidar cewa sun ci a bayyane take, cikin kowane ɗan kifi ya kumbura ya yi ruwan lemo.

Ba a zubar da fit ɗin ba. An matse shi, an shanya, an mayar leda. Ƙwan wannan kifin ba sa fashewa duka a jiƙo ɗaya. Wasu sukan noƙe, domin a daji ruwan farko yakan yi yaudara, ya sauka ya ƙafe cikin kwana biyu.

An fara sa gishiri, giram 1.5 a kowace lita, a hankali cikin yini guda.

22 ga Fabrairu

Huɗu sun mutu a roba ta biyu cikin dare. Gwaji ya nuna amoniya 0.5. Artemia ba ya wuce 'yan awanni a ruwan daɗi, kuma abincin daren jiya ya yi yawa, ragowar ta kwanta ta ruɓe. A lita 3 na ruwa marar filta wannan kaɗai ya isa. Daga yau ana ba su abin da za su cinye cikin minti 15, sau uku a rana, a zuƙe ƙasan robar bayan awa ɗaya, a canja sulusin ruwan kullum. An sa ƙananan katantanwa biyu a kowace roba su riƙa share ragowa.

Cikin masu jan ciki ɗaya ya tashi yana iyo daidai. Biyar ɗin ba su tashi ba, kuma wanda ya wuce kwana biyu a haka da wuya ya gyaru. An cire su. Saura 29.

24 ga Fabrairu

An mayar da su babban tanki, ruwa lita 30, gishiri giram 45, digiri 25. An sa dunƙulen gansakukar Java don maɓoya.

3 ga Maris

Cutar karammiski ta shiga, kuma ita ce babbar masifar wannan jinsin.

Tun jiya akwai alama, ba a karanta ta daidai ba: cin abinci ya ragu, wasu sun taru a kusurwa kusa da saman ruwa. Yau da safe uku a mace, sauran sun tsuke fiffike, jela ta manne kamar bakin allura, suna haki, wasu na goga jiki a soson filta. Da rana ba a ganin komai a jikinsu. Sai da aka kashe fitilar ɗaki aka haska tocila daga gefe, a karkace, sannan ƙurar ta fito, tamkar an barbaɗa musu garin zinariya a baya da gefen kai.

Mai haddasa ta ƙwayar halitta ce mai suna Piscinoodinium pillulare. Takan maƙale a fata da wurin numfashi ta tsotsa na 'yan kwanaki, ta saki ta faɗa ƙasa, ta rufe kanta da kwanso, ta rarrabu a ciki har zuwa 256, su fito suna iyo suna neman kifi. Masu iyon nan su kaɗai magani ke kamawa da sauƙi. Shi ya sa ba a dakatar da magani don an ga kifi ya warware, akwai na ƙasa da ba su fashe ba tukuna. Ƙananan kifi suna mutuwa da wuri ne saboda wurin numfashinsu ya toshe.

Ta ina ta shigo? Gansakukar ce abin zargi, domin daga wani tanki mai kifi ta zo kuma ba a killace ta ba. Amma abin da ya buɗe mata ƙofa lissafin gishiri ne. An canja rabin ruwa sau uku, ranar 26 da 28 ga Fabrairu da 1 ga Maris, duka da ruwan da ba a sa wa gishiri ba. Daga 1.5 ya koma 0.75, ya koma 0.38, ya koma ƙasa da 0.2. Littafi na cewa akwai gishiri a tanki, ruwan kuwa kusan babu. Ka'idar ita ce: ruwan da aka ɗebe da tiyo ya tafi da gishirinsa, dole wanda zai maye shi ya zo da nasa. Ruwan da ya tashi a tururi kuwa ya bar gishirinsa a baya, wannan da ruwa zalla ake cika shi.

Abin da aka yi: za a kai gishiri giram 3 a lita. Lita 30 na bukatar ƙarin giram 84, an raba uku, giram 28 kowane awa takwas, a narkar a kofi kafin a zuba. Zafi ya hau zuwa 27 don zagayen ƙwayar ya yi sauri, an ƙara iska saboda ruwa mai ɗumi ba ya riƙe oksijin sosai. An lulluɓe tankin da bargo, domin ƙwayar tana da sinadarin kore irin na tsiro kuma tana amfana da haske. Ana buɗewa minti 20 sau biyu a rana don ciyarwa da zuƙe ƙasa. Zuƙewar tana kwashe kwansunan kafin su fashe. An cire gansakukar an zubar. Katantanwa sun koma kwalba su kaɗai na mako uku.

Ba a sa maganin jan ƙarfe ba. Yana aiki, amma tazarar da ke tsakanin abin da zai kashe cutar da abin da zai kashe ɗan kifi mai mako biyu ƙanƙanuwa ce, kuma yana kashe katantanwa.

5 ga Maris

Ƙarin shida sun mutu. Waɗanda suka riga suka yi nisa ne.

8 ga Maris

Biyu jiya, yau babu. Fiffike sun fara buɗewa, suna rububin abinci. Saura 18. Bargo zai zauna har kwana goma su cika. Koma, tiyo da sirinjin wannan tankin ba sa taɓa wani ruwa, kuma ana shanya su su bushe ƙarau bayan kowane aiki.

10 ga Maris

Jiƙo na biyu na tsohon fit: 9 sun fito, babu mai jan ciki. Suna robarsu daban, ba za a haɗa su da na farko ba. Tazarar mako uku a wannan kifin ta isa babba ya haɗiye ƙarami.

Yanzu akwai bokitin lita 20 da ake haɗa ruwan canji a ciki tun daren jiya, giram 30 na gishiri an rubuta a jikinsa da alƙalamin maka.

14 ga Maris

An yaye bargo. Tocila ba ta nuna komai ba. Gishiri zai koma 1.5 ta hanyar canjin ruwa cikin mako guda, zafi 24. An cika tankin zuwa lita 55.

23 ga Maris

Mako biyar. Maza sun bayyana: jela ta fara ja da baƙin baki, ɓamɓarokin jiki shuɗi-shuɗi kowane da jan gefe, kamar saƙar raga. Mata toka-toka ne, fiffike garau, ba ado. Maza 11, mata 7. Manyan sun kai santimita 3.

Artemia ya daina isar su. An ƙara girindal, wata ƙaramar farar tsutsa da ake reno a roba kan zaren kwakwa mai danshi, da jar tsutsa ta ƙanƙara, da dafniya, wata ƙanƙanuwar halittar ruwa, idan ta samu. Girindal tana da kitse, sau uku a mako ya isa. Busasshen abinci na gwangwani sun ɗauka sun tofar. Kifi ne mai ci ƙwarai kuma mai kashi ƙwarai, don haka canjin ruwa ya zama kashi 40 sau biyu a mako.

Namiji ɗaya ya yi tsalle ya fita ta ramin da wayar hita ke bi, faɗinsa bai kai santimita 2 ba. An same shi a bushe. An toshe duk wata kafa da guntun soso.

30 ga Maris

Maza sun fara faɗa, suna buɗe murfin gefen kai suna zagaye juna. A taron goma faɗan yana rarrabuwa, babu wanda ake tsananta wa. Maza biyu ko uku kaɗai a tanki shi ne haɗari, ƙarami ba ya kwana lafiya. An ware mata zuwa tankin lita 25 don su yi ƙiba su tara ƙwai ba tare da kora ba.

6 ga Afrilu

An haɗa namiji ɗaya da mata uku a ƙaramin tanki, sauran matan sun koma bayan shingen raga a babba.

Shirin fit: sai wanda ba a haɗa da taki ba, domin na shuka sau da yawa akwai taki ko farar ƙasa a ciki. An tafasa minti 15, an ɗauraye cikin lallausar koma har ruwan ya daina baƙi, an jiƙa kwana biyu har ya nutse da kansa. Robar ƙwai mai faɗin santimita 12 ce, an huda murfinta rami mai santimita 5, an sa dutse a ciki don kada ta taso, fit zurfin santimita 3. Wannan ya isa, saboda Nothobranchius a saman laka yake danna ƙwai. 'Yan uwansa na Kudancin Amurka irin su Austrolebias su ne ke nutsewa gaba ɗaya cikin laka, su ke bukatar mai zurfi.

Awa biyu namijin ya gano ramin ya mai da shi gidansa. Mace ta shigo, ya rungume ta da fiffiken baya da na ƙasa, ya danna ta cikin fit, su karkarwa na daƙiƙa biyu, ƙwai ɗaya ya shiga. Su matsa gaba kaɗan su sake.

13 ga Afrilu

Ɗibar ƙwai ta farko, leda A, ta lalace. Ana ɗaga murfin wari ya bugo, irin na ruɓaɓɓen ƙwai. Jar tsutsar da ake zubawa kusa da robar tana faɗawa ciki ta ramin, ta nutse, ta ruɓe inda iska ba ta kaiwa. Yawancin ƙwan sun yi fari fat, wasu da fumfuna. Tara kawai aka tsinta masu kyau. Wani ɓangaren laifin na ƙuruciya ne, ƙwan farko na sababbin iyaye da yawa ba sa ɗaukuwa, amma warin ba na ƙuruciya ba ne.

Ga kuma pH ya faɗo daga 7.4 zuwa 6.6, saboda fit yana tsamar da ruwa, wannan kifin kuwa ya fi lafiya a ruwan da bai yi tsami ba. An sa cokali biyu na dakakken ɓawon kawa cikin ƙullin raga kusa da filta. Ciyarwa ta koma can ɗaya ƙarshen tankin, kaɗan-kaɗan, ana tsaye har su cinye. An canja namiji, kuma haka za a riƙa yi kowane mako, don kada zuriya ta gaba ta zama 'ya'yan uba ɗaya.

20 ga Afrilu

Ɗiba ta biyu, leda B. Ƙamshin ƙasa kawai, ƙwai kusan 70, garau da ɗan ruwan zuma.

Busarwa ita ce inda aka fi yin kuskure. Ana juye fit cikin lallausar koma, a ɗauraye a ruwan tanki, a matse da hannu sosai. Ɓawon ƙwan yana da tauri, matsa ba ta fasa lafiyayye. Sai a baje a kan jarida ninki huɗu, a rufe da wata, a bar shi awa 6 zuwa 12, ana dubawa. Gwajinsa a hannu yake: in ka dunƙule ya tsaya, ba ɗigon ruwa ko ɗaya, in ka taɓa shi da yatsa ya wargaje, launinsa yana nan duhu, ya yi. In gefensa ya fara haske ya wuce. A zuba a leda mai kauri a sake, ba a danne ba, a bar iska a ciki, a rufe. A rubuta cikakken suna, inda asalin kifin ya fito, ranar ɗiba, da adadi. Masu kiwo sukan liƙa wa suna lambar wurin da aka kamo kakannin kifin da shekarar, kuma ba a haɗa lamba biyu a tanki ɗaya. Wannan Zanzibar kawai aka rubuta masa, haka zai ci gaba da tafiya.

27 ga Afrilu

Leda C, kusan 80. An raba ta biyu don gwaji: rabi a digiri 22, rabi a 28. An musanya matan, waɗannan ukun sun rame, ɗaya an yage mata jela.

4 ga Mayu

Leda D, an gwada zaren kwakwa maimakon fit, bayan an wanke shi sau huɗu. pH bai motsa ba. Rukuni na biyu sun girma, takwas suka rayu, maza 3 mata 5. An dakatar da tara ƙwai.

25 ga Mayu

Babu aiki sai canjin ruwa da duba leda kowane mako biyu: a buɗe, a girgiza, iska ta sabunta, a rufe.

Leda D ta bushe. Siririyar leda aka yi amfani da ita, danshi ya tsere ta jikinta, zaren ya koma kamar ƙaiƙayi. Rabin ƙwan sun yamutse sun loɓa. An fesa ruwa sau uku a jikin ledar ta ciki, ba a kan ƙwan ba, an sa ta cikin wata mai kauri. Leda B kuwa akasin haka, gumi ya taru a jikinta saboda wurin yana sanyi da dare. An goge, an mai da ita cikin akwatin kumfa inda zafi ba ya hawa da sauka.

Abin da ke gudana cikin ƙwan a wannan jiran shi ne barci mai hawa uku. Ɗan tayin yana iya tsayawa tun farko kafin jiki ya fara haɗuwa. Yana iya tsayawa a tsakiya, lokacin da kan da kashin baya suka fara siffa, kuma wannan ne dogon barcin da ke ɗaukarsa ya ƙetare rani. Yana iya tsayawa a ƙarshe, ya kammala tsaf yana jiran ruwa. Sanyi yana tura ƙwai cikin barcin tsakiya, ɗumi yana sa da yawa su tsallake shi. Na ƙarshen shi ne mai iyaka, domin ɗan kifin yana cin gwaiduwarsa a hankali. In an bar shi ya daɗe sai ya fito a gajiye, masu jan ciki su yi yawa.

8 ga Yuni

Rabin C na digiri 28 ya yi zoben zinariya a mako shida. Na digiri 22 har yanzu garau. An jiƙa na farkon: 27 sun fito, 5 masu jan ciki. Zuriya ta biyu ta fara. Gishiri daga bokitin da aka auna, babu ganyen da ya shiga robarsu.

15 ga Yuni

22, babu asara. Tocila kowane dare uku.

29 ga Yuni

Leda B, mako goma a digiri 24: 52 sun fito, 2 kawai masu jan ciki, kuma sun fi na digiri 28 kuzari tun awar farko. Leda ɗaya da ɗaya ba hujja ba ce, amma saurin mako huɗu bai kai a yi ciniki da shi ba, 24 za a ci gaba da amfani da shi. An raba su roba uku. Leda A mai ƙwai tara ta ba da uku.

Iyayen suna wata huɗu da rabi, maza sun kai santimita 5, launi ya cika. An sauke zafinsu zuwa 23, domin ɗumi yana gaggauta tsufansu. Guentheri yakan kai kimanin shekara a tanki.

6 ga Yuli

Lissafin abin da aikin ya ci zuwa yau: ƙwan Artemia giram 140, shi ne ya fi komai cin kuɗi a kayan yau da kullum, sai wutar hita biyu, sai jar tsutsa. Gishiri ya kusa kilo uku. Abin da ya rage a saya shi ne tanki na uku mai lita 60, domin 'ya'ya sama da saba'in ba za su shiga ɗaya ba, da wata ƙaramar roba ta killace duk ganyen da zai shigo na mako uku ba kifi.

Nau'i na gaba da ake dubawa shi ne Nothobranchius rachovii na yankin Beira a Mozambik. Ƙwansa yana jiran watanni, ya fi na guentheri nesa ba kusa ba, 'ya'yansa kuma sun fi ƙanƙanta, sai an tanadi abincin da bai kai Artemia girma ba na kwanakin farko. Matansa suna kama da na guentheri, don haka tanki daban, koma daban, murfi a rufe. Nothobranchius furzeri, wanda aka fara kamowa a Gonarezhou ta Zimbabuwe a 1968, an ajiye shi gefe tukuna. Watanni kaɗan yake rayuwa, in aka yi sakaci da ɗibar ƙwai na 'yan makonni zuriyar ta yanke.

Rabin C na digiri 22 ya fara nuna baƙaƙen idanu, babu zobe. Za a sake dubawa 20 ga Yuli, tare da leda D da jiƙo na biyu na B.